Ƙarar Cikin Tsohuwar Fijo: Ta Ina Take Shigowa, Me Kuma Ke Tare Ta?

Duk wanda ya taɓa ɗauko dattijo a tsohuwar Fijo 504 daga Zariya zuwa Kaduna ya san daidai wurin da hira take mutuwa. A cikin gari, daga PZ zuwa Ƙofar Doka, ana magana ana jin juna sarai. Da an wuce Ɗanmagaji aka saka giya ta huɗu, sai ruri ya cika motar. Na baya ya yi magana, na gaba ya ce "Na'am?", a maimaita, a sake maimaitawa, daga nan kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Tafiyar ta kusan kilomita 80 ce kawai, amma za ka sauka a Kawo kanka ya yi gingirim kamar wanda ya wuni a gindin injin niƙa.

Tawa motar gadon mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa da rahama, kuma harhaɗin Kaduna ce. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Fijo ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da harhaɗa 504 har wajen 2006, alhali Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Shi ya sa har gobe ba ka rasa ganinsu a Samaru da Tudun Wada da cikin birni, wasu na kan titi, wasu an lulluɓe su da tampol a gindin darbejiya ana jiran ranar da za a tashe su. Masu irin waɗannan motoci ba sauri muke nema ba. So muke mu shiga, mu ji ƙamshin da muka sani tun muna yara, mu kai tsofaffinmu biki ko ta'aziyya ba tare da sun galabaita ba.

Shekarun baya na kai ta wurin wani mai kushin na ce masa ƙara ta ishe ni. Ya ce, "Malam, ai wannan ƙaramin aiki ne, soso za mu shimfiɗa mata." Ya ɗaga kafet ya jera soson katifa mai kauri, ragowar ya cusa a cikin ƙofofi. Ƙarar ba ta ragu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Bayan damina biyu wari ya fara tashi. Na ɗaga kafet ta gefen direba, na tarar soson ya yi baƙi ƙirin, na danna shi da yatsa ruwa ya tsattsafo. Kwanon da ke ƙarƙashinsa ya yi ja da tsatsa, har akwai wurin da na ɗora bakin sukundireba ta wuce fit. Ban ga laifinsa sosai ba, domin abin da kusan kowa ya ɗauka ke nan: tunda soso yana shan ruwa, zai sha ƙara. A wannan zaton ne kuɗi da motoci suke salwanta.

Ƙara girgiza ce, kuma ta hanya biyu take isowa kunnen wanda ke zaune a mota. Wata ta iska take biyowa: kukan inji, na salansa, na taya a kan kwalta, da shewar iskar da mota ke ketawa, duk suna neman kafa ko siririn kwano su kutso ciki. Ɗayar kuwa ta cikin ƙarfe take tafiya. Inji yana karkarwa, ya miƙa wa abin da yake zaune a kai, wannan ya miƙa wa bodi, sai faffaɗan kwanon ƙasa da na rufi da na ƙofofi su ɗauka suna kaɗawa kamar fatar ganga. A nan motar da kanta ce take kiɗan, kai kuma kana zaune a cikin gangar. Maganin waccan daban, maganin wannan daban. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta manna kaya a inda ba nan ciwon yake ba.

Akwai kuma lissafin da ke nuna dalilin da soso ya gaza. Inji mai silinda huɗu irin na 504 yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a babban titi, bugu 100 ke nan a kowane sakan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka tsawon igiyar wannan rurin, wato tazarar da ke tsakanin bugu ɗaya da na gaba a cikin iska, ya kai mita uku da kusan rabi, ya fi ɗakin motar ma tsawo. Me soso mai kaurin inci ɗaya zai yi wa igiya irin wannan? Ratsa shi take yi kamar babu shi. Abin da soso ke iya kamawa shi ne siririn sauti, irin "sii" da "kyas-kyas". Ka tuna idan ana biki a maƙwabta kana cikin ɗaki: muryar zabiya ba ta isowa gare ka, amma dum-dum ɗin ganga har ƙirjinka kake jin sa. Kakkauran sauti shi ne mai wuyar tarewa, kuma shi ne ke gajiyar da matafiyi.

Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa mutane. Rage desibel 3 yana nufin an raba ƙarfin sautin biyu, amma kunne ɗan bambanci kaɗan zai ji. Sai an rage wajen desibel 10 kafin mutum ya ce ƙarar ta ragu da rabi. Hira ta yau da kullum tana wajen 60, masana lafiyar ma'aikata kuma suna ɗaukar 85 na tsawon awa 8 a rana a matsayin iyakar da ji yake fara lalacewa. Ga direban da kullum yake kan hanyar Kano ko Funtuwa a tsohuwar mota, wannan ba maganar jin daɗi ce kaɗai ba, maganar kunnensa ce. Akwai manhajojin awon ƙara a waya. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma idan waya ɗaya ce, a titi ɗaya, da gudu ɗaya, gilasai a rufe, za su nuna maka ko aikin da ka yi ya haifar da ɗa mai ido.

Kafin ka sayi komai, ka saurari motar. Tana tsaye ka taka totur a hankali: abin da ya tashi na inji ne ko salansa ko fanka. Ka hau miƙaƙƙen titin da ba cunkoso, ka kai gudun da ka saba, ka mayar da giya firi na ɗan lokaci, inji na aiki. Kada ka kashe shi, don burki zai yi tauri, sitiyari ma yana iya kullewa. Idan rurin ya faɗi, daga inji yake. Idan yana nan yadda yake, ka nemi taya, boris, farfela ko aksul ɗin baya. Idan yana sauyawa da ka bar sabuwar kwalta ka hau tsohuwa, taya ce. Idan kuwa shewa ce da ke ƙaruwa da gudu daga saman ƙofa, ka bi bakin ƙofar da salatif ɗin masu fenti ka sake gwadawa. In ta ɗauke, ka kama ɓarawon.

Wani dattijon bakanike a Sabon Gari, wanda tun zamanin Fijo 404 yake wannan sana'a, shi ya fara dawo da ni hanya. Na ce masa, "Baba, kayan tare ƙara nake so in sa mata." Bai amsa ba. Ya buɗe bonet, ya sa yaronsa ya saka giya ya taka burki ya ɗan saki kulochi, muka ga injin ya yi tsalle ya karkata gefe. Robar injin-sit ɗin ta tsage, ƙarfe yana zaune a kan ƙarfe. Ya ce, "Ɗana, motar da ke kukan ciwo ba a toshe mata baki." Daga nan ya shiga ƙasa ya nuno mini salansa: robobin da ke rataye ta sun tsinke tun tuni, wani ya ɗaure ta da waya, wani wurin ma an yi mata walda kai tsaye da bodi. Duk girgizar salansa cikin motar take zuba. Canza injin-sit, da robobin salansa, da bushin da suka mutu, da shokozoba, shi ya fi komai rage ƙarar motata, kuma ba a manna ko ƙyalle ɗaya ba tukuna.

A wannan layin akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Tukunyar tace iska da aka cire aka yar tana barin kafireto yana gurnani. Fankar 504 ta asali tana da kulochin lantarki da ke kama ta idan inji ya yi zafi ya sake ta idan ya huce, amma kanikawa da yawa sukan ɗaure ta dairet don tsoron zafin inji, sai ta yi ta kuwwa tun daga tashi har sauka. Tawa na bar ta a ɗaure, domin a zafin Afrilu na fi son ƙarar fanka da ƙonewar gasket. Taya kuma, idan ta tsufa robarta tauri take yi. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai manyan haƙora ta fi mai laushin zane kuka, haka ma wadda mai faci ya ɗura wa iska fiye da kima.

Sai ramuka, kuma a nan nake so a tsaya a natsu. Idan kashi ɗaya cikin ɗari na bango a buɗe yake, komai kaurin sauran bangon ba zai iya rage ƙara fiye da desibel 20 ba. Ƙaramar kafa tana rushe babban aiki. Bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun direba cike yake da huji: na waya, na kebul ɗin totur, na sitiyari, na abin awon gudu. Daga kamfani kowanne da robarsa. Bayan shekara talatin ko arba'in na rana da hunturu, robobin sun bushe sun zube, masu riwaya kuma sun ƙara huda nasu. Da dare ka sa yaro ya haska tocila ta cikin bonet, kai kuma ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin dashbod. Ni da na yi haka sai na ga haske ɗigo-ɗigo kamar taurari. Haka robar gindin sandar giya, in ta yage, kukan giyabos da zafinsa kai tsaye suke hawowa. Robar ƙofa kuwa, ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja; in ta zare ba gardama, robar ta gama aiki.

Toshe waɗannan ramuka ya wuce batun ƙara. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Da hunturu, lokacin da ake rufe gilasai ruf saboda sanyi da ƙura, salansa mai yoyo da hujin ƙasan mota ko robar but da ta mutu haɗari ne na gaske. Duk wanda zai ƙara wa motarsa rufi, ya fara tabbatar da cewa salansarsa ba ta yoyo.

Bayan duk wannan ne ake zuwa kan kayan mannawa, su ma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ka ɗauki farantin silba ka buga shi da cokali, zai yi ta amo. Ka ɗora tafin hannunka a tsakiyarsa ka sake bugawa, sai ka ji "tib". Wannan tafin hannun shi ne aikin shimfiɗar butil, wata baƙar roba mai danƙo, kaurinta wajen milimita 2, da fallen alminiyam a bayanta. Idan kwano ya motsa, robar da ke matse tsakanin ƙarfe biyu tana murɗewa ta mayar da girgizar ɗan zafi. Ba tare ƙara take yi ba, hana kwano kiɗa take yi. Saboda haka ba sai an lulluɓe ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faffaɗan wuri, a tsakiyarsa, ya wadatar. Wuraren da ke da lanƙwasa ko ƙashi dama ba sa kaɗawa sosai. Ka bi motar kana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, inda ya ce "tan" ka manna, inda ya ce "tib" ka wuce. A wanke wurin tas da tina ya bushe, a bi shimfiɗar da abin murzawa har sai ta kama ba iska a ƙarƙashinta, a kuma sa safar hannu don gefen alminiyam ɗin yanka yake kamar reza. Da rana mai ɗumi ake wannan aikin. Da sanyin safiyar Janairu danƙon ba ya kamawa yadda ya kamata.

Akwai wata jarabawa a nan. A shagunan kayan gini ana sayar da facin rufin kwano mai kwalta da alminiyam a bayansa, kamarsu ɗaya da butil a ido, ga shi da araha. Ban ba kowa shawarar sa shi a mota a Zariya ba. A Maris da Afrilu zafi yana kusantar digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa yana iya haura 60. Kwalta a irin wannan zafi laushi take yi, ta yi wari, ta zame daga jikin ƙofa ta taru a ƙasa, a rufi kuma ta ɓata silin. Butil na gaskiya yana jure zafin da ya fi haka. Ka shinshina kafin ka biya: in ka ji warin sabon titi, ka ajiye.

Tare ƙarar da ke biyo iska kuwa, nauyi take so. Wanda ya tashi a cikin birni ya san bambancin ɗakin soro da ɗakin kwano idan ana ruwan Agusta: a soro barci kake, a kwano ko karatu ba a ji. Ƙa'idar ita ce, duk ninka nauyin bango sau biyu yana rage wajen desibel 5 zuwa 6. Shi ya sa ake yin wata tabarmar roba mai nauyi amma mai lanƙwasuwa, 'yan kasuwa suna rubuta mata MLV, wadda murabba'in mita ɗaya nata yake kai wajen kilo 5. Ita dole ta rufe wuri gaba ɗaya, gaɓa a kan gaɓa, a manne bakunan, domin ƙa'idar rami ta hau kanta. Kuma ba a kwantar da ita kai tsaye a kan kwano, in ba haka ba tare za su riƙa rawa. Ana sa siririn soso a tsakaninsu ya raba su, amma soso mai rufaffen ido, irin na takalmin silifa, wanda ba ya shan ruwa. Gwajinsa ba wuya: ka kafa baki ka hura, in iska ta wuce, na katifa ne, ka bar shi. Inda wannan haɗin ya fi amfani shi ne bangon inji daga ciki, da wurin ajiye ƙafafu, da tudun giyabos, da kan tayoyin baya, da bayan kujerar baya. Murabba'in mita huɗu kilo 20 ne, 504 ba za ta ji shi ba.

Kayan laushi masu shan sauti, irin bargon zaren roba, nasu wurin shi ne busasshen wuri: saman silin da bayan kwalin ƙofa. Suna rage amon cikin ɗakin, murya ta fito tar. A rufi suna da ladan rage zafin rana ma, in dai an yi amfani da gam mai jure zafi.

Tsatsa ce ta fi ba ni tsoro a duk aikin, don na gani da idona. Kada a manna komai a kan tsatsa. A kankare, a yi walda inda ya huje, a shafa fentin kariya, a gano ta inda ruwan ke shigowa, yawanci robar gilashin gaba ce, sannan a rufe. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan hujin da ruwa ke fita, a bar su a buɗe, a ma zura waya a share su. Ledar da ke bayan kwalin ƙofa ba ado ba ce, ita ke hana ruwa taɓa kwalin, a mayar da sabuwa in ta yage. Kada a binne wayoyin lantarki ko bututun mai a ƙarƙashin danƙo, kada kuma a kai soso kusa da salansa ko kafireto. Tsohon baƙin abin da kamfani ya shafa a ƙasan wasu tsofaffin motoci yana iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka kada a bi shi da injin gurza ana shaƙar ƙurar; a ɓamɓare shi da hannu, da takunkumi a hanci. Ga mai son motarsa ta zauna yadda ta fito, ina ganin a taƙaita danƙo, a fi dogara da tabarmar da za a iya ɗagawa a duba kwano bayan kowace damina.

Ba duk tsofaffin motoci ne ciwonsu ɗaya ba. Bosuwaja Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, injinta a baya yake kuma iska ke sanyaya shi, ba shi da rigar ruwan da ke danne kukan sauran injuna. Aikinta yana bayan kujerar baya. Marsandi W123, ta 1976 zuwa 1986, dama da rufinta mai kyau ta fito, sau da yawa sabunta robobi kawai take buƙata.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Mota mai giya huɗu injinta zai yi ta juyi da sauri a babban titi, gilasanta sirara ne, magudanar ruwan da ke gefen rufinta kuma tana yankar iska. In babu na'urar sanyaya mota, da bazara dole a sauke gilashi, kuma da an sauke shi rabin aikin ya bi iska. Ba za ta taɓa yin shirun motar bana ba. Ni ma ba na so kukan injin ya ɓace ɗungurungum, don da shi nake gane lafiyarta.

Watan jiya na ɗauki Hajiyarmu zuwa Kaduna duba jikarta. Muna wuce Jaji, gilasai a rufe, ta yi magana daga kujerar baya da muryarta ta kullum, ba ta ɗaga ba: "Kai, ka tuna ranar da Malam ya kawo motar nan gida?" Na ce, "Na tuna, Hajiya." Ta ci gaba da ba da labarin har muka shiga Kawo, ban ce mata "Na'am?" ko sau ɗaya ba. Saura wata siririyar shewa a saman ƙofar baya ta hagu; robar da ta dace da ita nake nema, na sa a duba mini a Ƙofar Ruwa a Kano.